Kajin Ƙwai Masu Ƙaramin Jiki Don Kiwon Tsakar Gida: Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da kullum sai an sake yin su, musamman daga masu son ajiye kaji huɗu zuwa goma a ɗan lungun gida dan a riƙa samun ƙwan karyawa da na yara, ba masu gonar kaji dubu ba. Wasu gidan haya suke, wasu tsakar gidan siminti ne kaf, wasu kuma maƙwabta ne matsalar. Ba dole sai an bi su a jere ba, kowa ya nemi wadda ta dame shi.

Wai in an ce ƙaramar kaza me ake nufi, irin 'yan mitsi-mitsin nan na ado?

Ba su kaɗai ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kashi uku ne. Akwai bantam, su ne 'yan mitsi-mitsin, da yawansu ba sa kai kilo 1. Akwai masu sauƙin jiki irin kazar Hausa da Fayoumi da farar Leghorn, daga kilo 1 zuwa kusan 2. Sai jajayen leyas, wato kajin ƙwai na gidan gona, da suke tsayawa wajen kilo 2. Duk abin da ya haura nan, su Noiler da Brahma da sauransu, ya fita daga maganar ƙarami.

Abin da ya sa ma ake damuwa da girman jiki shi ne abinci. Kaza sai ta fara ciyar da jikinta tukuna, ragowar ne yake zama ƙwai, to in jikin babba ne kaso mai yawa na buhunka can yake tafiya. Amma fa ƙanƙanta ita kaɗai ba ta kawo ƙwai, bantam ta fi kowa ƙanƙanta kuma tana cikin waɗanda suka fi ƙarancin ƙwai. Wadda ake nema ita ce mai ƙaramin jiki da aka yi ta zaɓar irinta saboda ƙwai.

Ni dai a gajarce min, wacce zan saya?

Amsa wannan tukuna tsakaninka da Allah: za ka iya sayen buhun abincin leyas duk wata ba fashi? In eh ne, sayi jajayen leyas huɗu zuwa shida, ISA Brown ko Shika Brown ko makamantansu, ka kulle su a keji mai iska, magana ta ƙare. In kuwa ka san da dusa da ragowar tuwo da abin da suka tsinta za ka riƙe su, to kar ka wahalar da kanka, kajin Hausa za ka saya ka yi musu rigakafi. Leyas a kan dusa asara ce, kajin Hausa kuma a kulle ana zuba musu abincin buhu mai tsada ita ma asara ce, dan ba za su biya kuɗin buhun da ƙwai ba.

Ni abin da na fi ba masu ƙaramin gida shawara shi ne leyas huɗu ko biyar da kazar Hausa guda biyu, na farkon su ba da ƙwai, na biyun su yi kwanci. Akwai sharaɗi a haɗa su, yana cikin amsar haɗa iri daban-daban a ƙasa.

Kazar Hausa ƙwai nawa take yi a shekara? Naga kamar ba ta da wani amfani

A kiwon sake yawanci 40 zuwa 60 a shekara. Za ta saka kamar 10 zuwa 15, ta kwanta a kai kwana 21, ta ƙyanƙyashe, sannan ta shafe wajen wata biyu tana yawo da 'yan tsaki kafin ta sake komawa, shi ya sa zagaye uku ko huɗu kawai take samu a shekara. Ƙwan kuma ƙarami ne, giram 35 zuwa 40, na leyas kuwa wajen giram 60.

Amma cewa ba ta da amfani kuskure ne babba Hajiya. Kaza ce da kusan ba ki kashe mata komai, ta san zafin Afrilu, ta san ta ruga in ta ga inuwar shirwa, tana tono ta ci gara da ƙwari, ta haifa miki wasu kyauta, ranar da baƙo ya zo ko lokacin sallah namanta ya fi na kowacce kaza tsada da farin jini a kasuwa. Kuma ana iya ƙara yawan ƙwanta, in kina kwashe ƙwan kullum kina barin ɗaya a gurbi, in ta fara kwanci ki ɗauke ta ki sa a kejin waya mai iska ba shimfiɗa na kwana uku ko huɗu da ruwa da abinci har zafin kwancin ya sake ta, za ta koma saka ƙwai da wuri. Da haka da ɗan ƙarin abinci mai kyau adadin yana tashi sosai, ko da yake ba za ta taɓa kamo leyas ba. Irin da ake kira kajin Fulani sun ɗan fi sauran girma, in kin samu masu lafiya daga hannun wanda kika sani ki saya.

Jajayen leyas ɗin nan na gidan gona za su rayu a gida kuwa? An ce raki ne da su

Suna rayuwa lafiya lau. ISA Brown, Lohmann Brown, Hy-Line Brown, Bovans Brown, duk kusan abu ɗaya ne a wajen mai kiwon gida, sunan kamfanin da ya haɗa irin ne ya bambanta. Suna fara ƙwai a sati 18 zuwa 20, a shekarar farko guda ɗaya tana iya kaiwa ƙwai 300 in abinci da ruwa da haske sun daidaita, a gida ko 250 aka samu an yi ƙoƙari. Ga su da sanyin hali, ba tashi sama, ba tsallake katanga, yara ma suna iya ɗaukarsu. Akwai baƙaƙensu kuma, Nera Black da Harco, sun ɗan fi jajayen jiki da juriya, da yawan masu kiwon gida sun fi son su saboda in sun tsufa sun fi kuɗi a kasuwa.

Rakin da ake faɗa gaskiya ne ta fuska ɗaya, ba sa yafe sakaci. Ruwa ya ƙare musu wuni ɗaya a bazara sai ƙwai ya ragu na kwanaki, a canja abinci farat ɗaya haka, a bar su ba rigakafi kuwa sai dai a yi ta kwasar gawa. Kuma ba su da wayon kazar Hausa, in ka sake su a fili muzuru ko kare zai kama su cikin sauƙi.

Mene ne Shika Brown, kuma ta fi ISA ne?

Shika Brown kaza ce ta ƙwai da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. An shafe shekaru ana zaɓen irinta a yanayin arewa, shi ne amfaninta, zafinmu ba baƙo ba ne a wajenta. Ja ce, ƙwanta ruwan ƙasa, girmanta kusan ɗaya da sauran leyas. A yawan ƙwai ISA tana ɗan gabanta in komai ya daidaita, amma a tsakar gida komai bai cika daidaita ba, dan haka in da zan zaɓa tsakanin su biyu kuma duk suna gabana Shika zan ɗauka. Matsalar ita ce samu, ba kowane dila ke da ita ba, kuma wani duk jar kaza ya gani sai ya laƙaba mata sunan. In kana son ta gaskiya ka bi ta cibiyar ko wanda ka tabbatar daga can ya ɗauko.

Kowa Noiler yake cewa, ita fa?

Noiler kaza ce mai kyau amma ba ƙarama ba ce, a daina sa ta a wannan layin. Kamfanin Amo Farm da ke Awe a jihar Oyo ne ya fito da ita a matsayin mai amfani biyu, nama da ƙwai. Macen in ta manyanta tana kai kilo 2.5 zuwa 3, tana cin abinci fiye da leyas, ƙwan kuma wajen 150 zuwa 200 ne in da kulawa. Haka FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, da Kuroiler da asalinta Indiya, da Sasso ta Faransa, duk gida ɗaya suke.

In kina da fili da za su fita su yi kiwo, kuma kina son nama lokaci-lokaci, sun dace ƙwarai, sun fi kazar Hausa ƙwai nesa ba kusa ba kuma sun fi leyas juriya. In kuwa ɗan keji ne a bayan kicin kuma ƙwai kawai ake so, kowane ƙwan Noiler zai fi na leyas tsada a kanki. Ga su da saurin yin kitse in suna kulle ana tura musu abinci, kitse kuma yana rage ƙwai.

Farar Leghorn da Fayoumi fa, ana samunsu?

A lissafin ƙaramin jiki da yawan ƙwai ba wadda ta kai farar Leghorn. Asalinta Italiya, macen ba ta cika kai kilo 2 ba, tana cin ƙasa da jajayen, tana ba da farin ƙwai 280 zuwa sama, kuma babban zankonta yana taimaka mata fitar da zafi. Illarta biyu, firgita da tashi, sai an rufe saman kejin da waya, sannan kasuwarmu ta saba da jan ƙwai shi ya sa masu ƙyanƙyasa ba su cika kawo fararen ba. Farin ƙwai da ja ba wani bambancin amfani a jiki, launin ɓawo ne kawai.

Fayoumi ta Masar ce, daga yankin Fayyum, wuyanta fari jikinta zane-zanen baƙi da fari, wajen kilo 1.5. Tana jure zafi da cuta sosai, tana balaga da wuri, ƙwanta ƙanana 150 zuwa 200. Ga wanda yake son abu tsakanin kazar Hausa da leyas ta yi, sai dai ba ta son a kama ta ko kaɗan kuma tana da surutu. Samunta sai wajen masu kiwon kajin ado, su kuma farashin ado suke sa mata.

Ina son bantam ko Silkie saboda yara, za su wadatar da mu da ƙwai?

A'a. Silkie, mai gashin nan kamar auduga da baƙar fata, wajen ƙwai 100 take yi a shekara in ta yi ƙoƙari dan rabin rayuwarta a kwanci take, Sebright, wata irin bantam, ba ta ma kai haka ba. Ƙwan ƙanana, uku ne suke tsayawa a madadin biyu na leyas. A saye su dan sha'awa da yara, ko dan kwanci, nan kam Silkie gwana ce, duk ƙwan da aka sa mata za ta rungume. A kula gashinta ba ya tare ruwa, in ruwan damina ya jiƙa ta sanyi yana kama ta.

Namu na gida ma akwai irin haka, durgu mai gajerun ƙafafu da mai gashi a murɗe, da mai wuya ba gashi. Wannan ta ƙarshen kar a raina ta saboda muni, ƙarancin gashin nan yana sa ta fi sauran jure zafi.

Guda nawa ya kamata in fara da su, kuma fili nawa suke buƙata?

Lissafa ƙwan da gidanku yake ci. Leyas shida masu lafiya za su ba ka huɗu zuwa biyar kullum, wato kusan kiret ɗaya a sati, ga yawancin gidaje ya isa har a ba maƙwabta. Kar ka ajiye ɗaya ita kaɗai, kaza ba ta son kaɗaici, uku ne mafi ƙanƙanta.

Kejin kwana mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 6 ya ishi leyas shida, bantam rabin haka. In za ka iya ƙara musu ɗan filin waya a gaba wanda kowacce za ta samu kamar mita ɗaya a murabba'i ya fi, in ba hali to a rage yawan kajin, dan cunkoso shi ke kawo tsattsagar juna da cin ƙwai da wari. Gurbin saka ƙwai ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar, tsohon kwando ko kwali ko fasasshen tulu a wuri mai ɗan duhu. A sa musu sanda su hau su kwana, a shimfiɗa buntun shinkafa ko garin katako a ƙasa ana juyawa, in ya jiƙe a kwashe, masu lambu suna sayen takin ma. Tsohon akurkin ƙasa mai ƙaramar ƙofa yana da sanyi amma ba iska kuma ƙuma tana ɓuya a tsagoginsa, ga leyas kejin waya ya fi. Wayar ta zama mai ƙananan ido saboda ɓera da gafiya da maciji.

Dole sai da zakara za su yi ƙwai?

Ba dole ba. Kaza tana saka ƙwai ko ba ta taɓa ganin zakara ba, duk ƙwan kiret da ake sayarwa a shago haka yake. Zakara sai in ana son ƙyanƙyasa, ɗaya ya ishi mata takwas zuwa goma. A gidan haya ni shawarata a haƙura da shi, abinci yake ci ba ya ba da komai, ga cara tun kafin asuba, ga in matan kaɗan ne zai fige musu baya. Ranar da kike son 'yan tsaki sai ki nemi ƙwai mai zakara wajen maƙwabciya ki sa wa mai kwanci.

'Yan kwana ɗaya zan saya ko waɗanda suka kusa fara ƙwai? Kuma ya zan gane ba a cuce ni ba?

Ga mai son guda biyar ko shida, waɗanda suka kai sati 14 zuwa 17 sun fi. Sun fi tsada a kan kowacce amma an wuce wahalar ɗumama da yawancin rigakafi, cikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi za ka ga ƙwai. 'Yan kwana ɗaya a kwali ake sayar da su, yawanci hamsin, sai dai ku haɗu ku raba, sannan ga gawayi ko fitila na sati uku zuwa huɗu, ga wata huɗu da rabi kana ciyarwa ba ƙwai ko ɗaya.

Cuta iri biyu aka fi yi. Ta farko a sayar maka da maza a ce mata ne. A jajayen leyas gane su ba wuya tun ranar farko, matan ja-ja ne, mazan fari mai ɗan rawaya, su ne kokarel ɗin da ake sayarwa da araha. A baƙaƙen kuma namiji yana da ɗigon fari a ka. Ta biyu a kawo tsofaffin leyas da gona ta gama da su a ce sagaru ne. Sagara gashinta sumul yake ba karaya, ƙafarta da bakinta rawaya shar, zankonta ƙarami yana fara ja. Tsohuwa kuwa ƙafar ta koɗe ta yi fari, gashin wuya da jela ya zube ko ya kakkarye, farcen ya yi zaƙo-zaƙo saboda zaman keji. Ka juya ta ka taɓa ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta, in yatsu biyu ko uku suka shiga tsakaninsu tana kan saka ƙwai, in ɗaya ne da ƙyar to ko ba ta fara ba ko ta tsaya.

Ka tambayi takardar rigakafin da aka yi musu, mai gonar kirki yana da ita. Kuma gara ka je gonar da kanka da ka saya a kasuwar kaji inda aka cakuɗa na ko'ina, dalilin yana amsar cuta.

Dusa da tsaki da ragowar abinci ba za su isa ba? Buhu ya yi tsada wallahi

Ga kazar Hausa mai fita kiwo za su isa, dan tana cike gibin da ƙwari da ganye. Ga leyas ba za su isa ba. Kowacce tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, abincin kuma sai yana da furotin kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari da kalsiyam wajen kashi 3.5 zuwa 4, dan ɓawon ƙwai kusan duk kalsiyam ne kuma kullum sai ta ƙera sabo. Dusa ba ta da wannan, shi ya sa za ki ga ƙwai mai laushi ba ɓawo, ko kazar ta gurgunce saboda daga ƙashinta take cira.

Lissafin ba wuya, leyas shida suna cin kusan giram 700 a rana, buhu mai kilo 25 zai kai su kamar sati biyar, a wannan lokacin sun ba ki wajen kiret biyar. Ki kwatanta kuɗin buhu ɗaya da kuɗin kiret biyar a unguwarku yau, shi zai faɗa miki ko kiwon ya biya. Ragowar shinkafa da ganyen zogale da alayyahu da latas a ba su da yamma bayan sun ci na buhu, kaɗan, yana sa gwaiduwa ta yi ja. Ɓawon ƙwai a gasa a daka lilis a zuba musu a wani kwano daban. Banda abu mai gishiri da yawa, banda wanda ya yi fumfuna, masara ko ƙuli mai fumfuna guba ce gare su. Kuma kar a fara ba su abincin leyas tun suna ƙanana, kalsiyam ɗin yana lalata musu ƙoda, na masu tasowa za su ci har su kusa fara ƙwai.

Zafin Maris zuwa Mayu fa, wacce ta fi jurewa?

Kazar Hausa da Fayoumi da mai wuya ba gashi a gaba, sai Leghorn da Shika, sai sauran jajayen, masu nauyi irin su Noiler da Brahma su ne a baya. Kaza ba ta gumi, haki take yi, da zafi ya haura digiri 30 take rage ci, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa ana wuce 40 a wannan lokacin, dole ƙwai ya ragu ya ƙanƙance ɓawon ya yi sirara, ba wata cuta ba ce. Kwanon rufi kai tsaye a kansu shi ne mai kisa, a ɗora zana ko ciyawa ko buhu a kai, keji ya kasance a inuwa iska tana ratsawa. Ruwa daga randa, a canja sau biyu ko uku, kowacce tana iya shan rabin lita a rana. A ba su abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, tsakar rana a bar su da ruwa kawai. Kar a kama su ko a yi musu rigakafi da rana tsaka.

Duk hunturu kajin unguwarmu ƙarewa suke, akwai irin da ba ya kamuwa?

Babu. Wannan annobar da take zuwa da sanyi, kaza ta yi zugum, koren zawo, numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, ita ce Newcastle, kuma ba ta bar kazar Hausa ba balle leyas. Ba ta da magani, barkono da maɗaci da jan kafso ba sa kashe ta, wadda ta tashi dama can za ta tashi. Rigakafi ne kawai. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, tana son sanyi daga shago har gida, akwai kuma I-2 da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos take yi, ita ta fi jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, ku haɗu da maƙwabta a yi rana ɗaya, kuma a yi kafin hunturu ya shigo, wadda ta riga ta kamu ba a yi mata. Ƙanana suna buƙatar rigakafin cutar Gumboro da na ƙuraje, likitan dabbobi zai ba ka jadawalin.

Yawanci da ƙafarmu muke kawo cutar, kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta daga ƙauye a jefa ta cikin sauran a ranar. Duk baƙuwa a ware ta sati biyu zuwa uku. In kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, fuska ta kumbura zanko ya yi shuɗi, kar a yanka kar a sayar, a sanar da ofishin dabbobi, dan murar tsuntsaye tun da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba. In an ba kaza maganin ƙwayoyin cuta kuma a karanta kwanakin da aka ce kar a ci ƙwanta, a kiyaye.

Ƙuma da kwarkwata kuwa, tsohon baho da yashi da toka a ajiye musu su yi birgima, a share keji a fesa maganin da aka yi dan kaji. Baƙin mai da kananzir a jikin kaza a daina dan Allah.

Zan iya haɗa leyas da kajin Hausa da bantam a keji ɗaya?

Za ka iya in duk an yi musu rigakafi kuma duk a kulle suke. Abin da ba ya yiwuwa shi ne na Hausan su wuni a bola da kwata su dawo su kwana da leyas, duk abin da suka kwaso sai sun raba. Girman ya zama kusa da juna, bantam a cikin Noiler wahala za ta sha. Kazar Hausa duk da ƙanƙantarta ita ce mai faɗan, sau da yawa ita take korar leyas daga kwano, dan haka a sa wajen ci biyu. Sababbi a shigar da su da dare, bayan sun gama kwanakin warewa da aka faɗa a sama, za a yi 'yan kwanaki ana tsattsaga kafin kowa ya san matsayinsa, in an ga jini a cire mai raunin nan take.

In na sa zakara a cikin leyas, 'ya'yan za su yi ƙwai kamar uwarsu?

Ba za su kai ta ba. ISA da Lohmann da Noiler duk haɗi ne na layuka daban-daban da kamfani yake riƙe da iyayen, in ka sake haɗawa a gida 'ya'yan kowanne da kamarsa da halinsa. Sannan leyas ba sa kwanci, an cire musu wannan ɗabi'ar, sai ka sa wa kazar Hausa ƙwan, guda takwas zuwa goma gwargwadon jikinta. Duk da haka ruwa biyun da ake samu daga zakaran Hausa da leyas ba abin yarwa ba ne, sun fi na Hausa zalla ƙwai kuma sun fi uwar juriya, a dai san rabi maza za su fito.

Kajina sun rage ƙwai, ko sun tsufa ne?

Duba waɗannan kafin ka ce tsufa: an canja abinci, ruwa ya yanke, zafi, ƙuma, tsutsar ciki, wani abu yana firgita su da dare, ko suna sakawa a wani lungu, ko ɓera da su kansu suna shanyewa. Sai haske, leyas suna son awa 14 zuwa 16, mu kuma ranarmu a arewa tsakanin awa 11 da rabi ne zuwa kusan 13, ƙaramar fitilar sola ta awa biyu ko uku bayan magariba tana kawo bambanci, amma ba a barinta har safe. In gashi ne yake zuba, hutu suke, sati shida zuwa goma za su dawo.

In kuwa sun haura shekara ɗaya da rabi to tsufan ne ya fara, kowace shekara ƙwan yana raguwa da kamar kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, sai dai yana ƙara girma. Gonaki a wannan lokacin suke sayar da su, mai gida zai iya riƙe su har shekara biyu da rabi. Dabarar ita ce kar a bari su tsufa tare, duk shekara a shigo da sababbi biyu ko uku a fitar da biyu ko uku, a daidaita fitarwar da sallah ko ƙarshen shekara lokacin da kaza take kuɗi.

Filina bai kai ko na kaji uku ba, salwa ko zabi za su maye gurbi?

Zabi a'a, suna son fili, ga kwakwazo, ga ƙwan nasu a kiwon gida sai damina. Salwa kuwa eh, irin ta Japan ɗin nan da ake kiwo a keji, tana fara ƙwai a sati shida zuwa bakwai, tana cin giram 25 zuwa 30 kacal, tana iya ba da 250 a shekara, goma za su zauna a kejin da bai fi teburin cin abinci ba, har a baranda. Ƙwan wajen giram 10 ne, biyar ko shida ne madadin na kaza ɗaya. Ba ta kwanci a keji, kuma bayan shekara ɗaya ƙwan yana ja baya sai an sabunta. Maganar da aka yi ta yaɗawa a shekarun baya cewa ƙwanta yana warkar da ciwon suga da hawan jini kar a saye ta dan wannan, ƙwai ne mai kyau kamar sauran. A rufe saman kejin da abu mai laushi ko a yi shi gajere, dan in ta firgita sama take zabura ta fasa kai.